Tambayoyi da Amsoshi Kan Nazarin Littafi Mai Tsarki da Tarihin Zamaninsa

Tambayoyin da ke ƙasa ba ni na ƙirƙiro su ba. Yawancinsu daga ajin binciken Littafi Mai Tsarki na sashen Hausa suka fito, wanda muke yi da yamma a Sabon Gari, Kano. Wasu 'yan zumuntar mata ne suka kawo, wasu matasa, wasu kuma maƙwabtanmu Musulmi ne suka yi wa 'yan'uwa a kasuwa ko wurin aiki, su kuma suka taho da su aji. Na haɗa masu kama da juna wuri guda. Inda na rubuta K.H., ana nufin kafin haihuwar Almasihu.

Malam, ni ban je makarantar tauhidi ba. Ina ruwana da tarihi? Ba karantawa zan yi Ruhu Mai Tsarki ya bayyana mini ba?

Haka ne, Mama, Ruhu yana koyarwa, kuma ba sai mai digiri yake koya wa ba. Amma ku duba Ayyukan Manzanni sura 8. Ma'ajin sarauniyar Habasha, mutum mai ilimi, yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, ya ce ina zai gane in babu mai yi masa bayani. Ruhun ne da kansa ya turo masa mai bayanin.

Abin da ke hannunmu tarin littattafai ne guda 66, Tsohon Alkawari 39, Sabon Alkawari 27. An rubuta na farkon da Ibrananci, sai wasu surori na Daniyel da Ezra da Aramiyanci, na biyun kuma da Girkanci. Kowane ɗayansu akwai waɗanda suka fara jin sa, masu suna, masu gari, masu damuwarsu. Bulus bai zauna haka kawai ya rubuta wa Korantiyawa ba. Mutanen gidan Kuluwi ne suka kai masa labarin tsattsaguwa, ikilisiyar kuma ta aiko masa da tambayoyi a rubuce, shi ya sa daga sura 7 ta 1 Korantiyawa yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Mu amsa muke karantawa, tambayar ba ta hannunmu, sai mun nemo ta. Saboda haka kafin mutum ya ce me ayar nan take gaya mini, ya fara da uku: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya faru har aka rubuta.

A ba mu misalin ayar da ma'anarta take sauyawa in an san tarihinta.

Irmiya 29:11. Tana jikin kalanda, tana kan katin bikin kammala makaranta, tana bangon shaguna: Allah ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne ba na masifa ba. Yawancinmu muna karanta ta kamar an ce gobe da safe komai zai daidaita.

A shekarar 597 K.H. Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da fadawa da masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali, a sura 28, ya ce cikin shekara biyu kowa zai dawo gida. Magana mai daɗin ji. Irmiya kuwa ya rubuta wa waɗanda aka kwashe wasiƙa, ita ce sura 29, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin sai shekara 70 ta cika. Aya ta 10 ke nan, ta 11 kuma tana bin ta kai tsaye. Wato dattijon da ya ji an karanta wasiƙar nan ya san a Babila za a binne shi. Abin bai ma tsaya nan ba, a 586 K.H. aka rushe Urushalima aka ƙone Haikali. Sai a 539 K.H. Sairus na Farisa ya ci Babila, daga baya ya ba da izinin komawa.

Alkawarin gaskiya ne, amma ga al'umma aka yi shi, kuma jikoki ne suka ci moriyarsa. A ganina ayar ta fi ƙarfi a haka, domin tana riƙe mutumin da ya daɗe yana addu'a bai ga sauyi ba. Kuma duk mai manna aya ta 11 a shagonsa, ya kamata ya manna ta 7 kusa da ita. Ban ce Kano Babila ce ba, da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya, amma umarnin neman lafiyar gari da yi masa addu'a bai tsufa ba.

Filibiyawa 4:13, wadda ta ce zan iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa ni, ma haka take. Daga kurkuku Bulus ya rubuta, kuma ayoyin da suka gabace ta zancen ƙoshi da yunwa suke yi, samu da rashi. Jimrewa yake nufi, ba cin jarrabawa ba tare da karatu ba.

Wa ya raba littattafan sura-sura da aya-aya?

Ba marubutan ba. Surorin da muke amfani da su aikin Stephen Langton ne, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna taimakawa wajen nemo wuri, amma wani lokaci sukan yanke magana a tsakiya. Labarin kwana bakwai na halitta sai a Farawa 2:3 ya ƙare, waƙar Bawan Ubangiji ta Ishaya 53 kuma daga 52:13 ta fara. Kanun da ake sawa a saman sakin layi ma na masu fassara ne.

Wace fassarar Hausa ce ta fi? Baba yana karanta Yohanna, mu muna karanta Yahaya.

Duka biyun mutum ɗaya ne, bugun ne ya bambanta. Aikin fassara zuwa Hausa ya faro tun shekarun 1850, lokacin da wani Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, James Frederick Schön, ya fitar da wasu littattafai kamar Matiyu da Farawa, ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso nan Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. A cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya, ya zama jigon aikin da ya haifar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Shi ne na hannun Baba. A 1979 aka fito da sabuwar fassara, wadda yawancin majami'u suke karantawa a sujada, daga baya kuma ga Sabon Rai Don Kowa, mai sauƙin Hausa, wadda matasa suka fi samu a waya.

Ta 1932 tana da Hausar da, mai nauyi, mai daɗin haddacewa, amma yaron da ya tashi a Sabon Gari ko Badawa zai yi ta tuntuɓe a cikinta. Shawarata, a riƙe ɗaya ta karatun kullum, a ajiye ta biyu kusa. Inda biyun suka saɓa da juna sosai, galibi akwai wuya a harshen asali, nan ne wurin tsayawa a tambaya.

Me ya sa na 'yan Katolika yake da littattafai 73? Ko a taron Nikiya aka zaɓi littattafan?

Sabon Alkawari iri ɗaya ne, 27 a wurinmu da wurinsu. Bambancin a Tsohon Alkawari yake. Tun ƙarni na 3 K.H. Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya littattafansu zuwa Girkanci, fassarar da ake kira Seftuwajint, wadda Kiristocin farko suka fi amfani da ita. Tare da ita aka riƙa karanta wasu littattafai bakwai da ba sa cikin jerin Ibrananci: Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na 1 da na 2. Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 suka bi jerin Ibrananci, Katolika kuma ta tabbatar da bakwai ɗin a taron Tirent a 1546. Ko wanda bai ɗauke su a matsayin hurarru ba zai ƙaru da Makabiyawa na 1, don tarihi ne na zamanin da ya haifi duniyar Linjila.

Zancen Nikiya kuwa, ana yawan yaɗa shi amma ba haka ba ne. Taron 325 a kan koyarwar Ariyus game da Allahntakar Almasihu aka yi shi, da ranar Ista, da tsarin ikilisiya. Jerin littattafai a hankali ya zaunu, ta hanyar abin da ikilisiyoyi suke karantawa a sujada. Jeri na farko da ya yi daidai da 27 ɗinmu yana cikin wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta shekarar 367.

Abokina a kasuwa ya ce an canja Linjila. Me zan ce masa?

Da farko ka saurare shi, don sau da yawa ba abu ɗaya kuke nufi ba. Shi a fahimtarsa Linjila littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa. Kirista kuwa yana nufin bisharar Yesu kamar yadda shaidu suka ba da ita, aka rubuta a littattafai huɗu. In ba ku warware wannan ba, za ku wuni kuna musu kowa yana kan tasa hanya.

Sa'an nan ka gaya masa gaskiya duka, har da ɓangaren da ba ka so. Ba mu da takardar da Bulus ko Luka ya rubuta da hannunsa. Kofe muke da su, na hannu, fiye da 5,000 na Sabon Alkawari da Girkanci kaɗai, wasu cikakku, wasu guntaye. Akwai wani ɗan guntu daga Yahaya sura 18 da ke ajiye a Manchesta, wanda masana suke sawa a ƙarni na 2. Akwai kundin Sinai, na tsakiyar ƙarni na 4, mai ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗaya, yawancinsa yana Landan yanzu. Ya girmi Hijira da fiye da shekara 250, kuma an ɗauki hotunansa an sa a intanet, kowa yana iya dubawa. Ta ɓangaren Tsohon Alkawari, a 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan dutse na Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Daga cikinsu akwai cikakken Ishaya wanda ya girmi kundin Leningrad, kofen Tsohon Alkawari na Ibrananci na shekarar 1008, da shekara fiye da 1,000, kuma da aka gwada su, yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan abubuwa.

Bambanci dai akwai shi, masu kofe mutane ne. Manya guda biyu su ne Markus 16:9-20 da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, waɗanda ba sa cikin kundaye mafi tsufa. Littafin Irmiya ma yana da wani zubi da ya fi namu gajarta, a Seftuwajint da kuma wasu guntaye na Kumran. Ba wani ne ya tona asiri ba, masana Kirista ne suka rubuta waɗannan a ƙasan shafi, shi ya sa a bugu da yawa za ka ga ɗan bayani ko baka a wuraren. Yawan kofen ne ya sa ake iya gane inda aka ƙara ko aka tsallake. Mutuwar Yesu da tashinsa kuwa ba a kan waɗannan ayoyi suka rataya ba, suna ko'ina a Sabon Alkawari.

Kada ka ɗaga murya. Gobe ma tare za ku buɗe shago.

To Linjilar Barnaba fa?

Kofenta biyu da aka sani da Italiyanci da Sifaniyanci suke, ba su wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa ba. Marubucin ya sa an shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, alhali Nazarat a kan tuddai take, nesa da tafki. Ya kuma sa Yesu ya ce shi ba Almasihu ba ne, abin da ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, ya saɓa wa Alkur'ani ma, inda ake kiransa Almasihu Isa ɗan Maryam.

Me ya sa Matiyu, Markus, Luka da Yahaya ba sa ba da labari iri ɗaya sak?

Domin kowannensu akwai waɗanda yake rubuta wa. Ɗauki labarin shanyayyen da abokansa huɗu suka kawo a Kafarnahum. Markus 2:4 ya ce sun buɗe rufin, suka haƙa shi. Yaron da bai taɓa sanin wani rufi ba sai kwano zai yi mamakin yadda ake haƙa rufi. Wanda ya san gidajen ƙasa na cikin birni, ta wajen Kurmi ko Dala, ba sai an yi masa dogon bayani ba: a jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, kafin damina a sake yaɓe. Gidajen talakawan Galili kusan haka suke, katako da rassa da laka, da matakala ta waje da ake hawa soro. Ka kwatanta ƙasa tana zubo wa mutane a ka Yesu yana cikin koyarwa, mai gida yana kallon soronsa. Luka 5:19 kuwa fale-falen gasasshen yumɓu ya ambata. Masana da yawa suna ganin ya yi amfani da irin rufin da Tiyofilas, wanda ya rubuta wa littafin, da masu karatun Girkanci suka sani ne. Abin da ya faru ɗaya ne, an zura mutum ta sama, aka gafarta masa zunubi, ya ɗauki shimfiɗarsa ya fita.

Haka jarumin soja na Kafarnahum. A Matiyu 8 shi ya zo da kansa, a Luka 7 dattawan Yahudawa ya aika. Matiyu mai taƙaitawa ne, ya ɗora maganar a bakin mai aiken. Jerin gwaje-gwaje uku na jeji ma ya bambanta tsakanin Matiyu 4 da Luka 4, domin marubutan da ba kullum suke bin jerin lokaci ba, wani sa'in jigo suke bi. Akwai wuraren da suka fi waɗannan wuya, irin asalin Yesu a Matiyu 1 da Luka 3, inda masana suke da bayani fiye da ɗaya. Gara a faɗi hakan da a ƙaƙaba amsa.

Daga Malakai zuwa Matiyu shafi ɗaya ne, amma sai ga Romawa da Farisiyawa. Daga ina?

Shafin nan wajen shekara 400 ne. An bar Yahudiya a hannun Farisa. A 332 K.H. Iskandari mai girma ya ci yankin, Girkanci ya zama harshen kasuwa da mulki. A 167 K.H. sarki Antiyokus na huɗu ya ƙazantar da Haikali ya hana kaciya da Asabar, iyalin Makabiyawa suka yi tawaye, suka tsarkake Haikalin a 164 K.H. Tunawa da wannan shi ne idin da Yahaya 10:22 ya ambata, wanda babu shi a Attaura. A wannan zamani ne aka fara jin Farisiyawa da Sadukiyawa. A 63 K.H. Fomfi ya shiga Urushalima da sojan Roma, daga nan kuma sai Hirudus, wanda ya mutu a 4 K.H. Wannan yana nufin an haifi Yesu kafin shekarar da kalandarmu ta fara ƙirga, kuskuren lissafi ne na wani malami a ƙarni na 6.

Sanin wannan yana buɗe labarai da yawa. Mai karɓar haraji ɗan gari ne mai tara wa masu mulki kuɗi yana ƙara nasa a kai, shi ya sa cin abinci a gidan Zakka ya tayar da gunaguni. Samariyawa kuwa suna da nasu haikali a dutsen Gerizim, wani shugaban Yahudawa daga zuriyar Makabiyawa ya rushe shi wajen ƙarshen ƙarni na 2 K.H. Da Basamariyar nan ta bakin rijiya a Yahaya 4 ta ce kakanninsu a kan dutsen nan suka yi sujada, tsohon miki take taɓawa. Da Yesu ya sa Basamariye ya zama mai jinƙai a hanyar Yariko, gangare mai kusan kilomita 27 da aka san shi da 'yan fashi, masu sauraro ba daɗi suka ji ba.

Shin masu haƙa ƙasa sun tabbatar da Littafi Mai Tsarki?

Sun tabbatar da mutane da wurare da yawa. A 1961 aka sami dutse a Kaisariya mai sunan Bilatus da muƙaminsa. A 1993 a Tel Dan aka sami rubutun wani sarkin Suriya mai ambaton gidan Dawuda. Wani rubutu a Delfi ta Girka ya nuna Galiyo yana mulkin Akaya wajen 51 zuwa 52, kuma da yake a gabansa aka gurfanar da Bulus a Ayyukan Manzanni 18, da wannan ake auna sauran shekarun tafiye-tafiyensa. Sennakerib na Assuriya ya bar nasa labarin yaƙin 701 K.H., yana fahariyar ya kulle Hezekiya a Urushalima, amma bai ce ya ci birnin ba. A karanta shi tare da 2 Sarakuna 18 da 19.

Akwai kuma inda ake ja-in-ja har yau, kamar lokacin fitowa daga Masar da rushewar Yariko. Dutse yana iya nuna Bilatus ya yi mulki, ba ya iya nuna Almasihu ya mutu domin zunubi. Bidiyon da ake turowa a WhatsApp cewa an gano jirgin Nuhu ko ƙafafun karusan Fir'auna a teku, ku daina tura su.

Kowace aya alkawari ce?

A'a. Akwai doka, akwai tarihi, akwai waƙa, akwai karin magana, akwai wasiƙa. Karin Magana 26:4 ta ce kada a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ta 5 ta ce a amsa masa. Marubucin yana sane ya jera su, sanin lokacin kowace shi ne hikimar. Tarihi kuma yana faɗin abin da aka yi ne, ba lallai abin da ya kamata a yi ba, in ba haka ba sai mu yi koyi da Dawuda a kan matar Uriya. Maganar abokan Ayuba tana cikin Littafi, amma a sura 42 Allah ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba.

Lambar BVN, katin ɗan ƙasa ko allurar rigakafi, su ne 666, alamar dabbar nan ta Wahayin Yahaya?

Wahayin Yahaya wasiƙa ce daga tsibirin Batmos zuwa ikilisiyoyi bakwai da ke yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, yawancin masana suna sa ta wajen shekarar 95, zamanin sarki Domitiyan. A waɗannan birane ana gina haikali ana miƙa hadaya da sunan sarkin Roma, wanda ya ƙi kuwa yana iya rasa sana'a ko rai. A Girkanci da Ibrananci haruffa su ne lambobi, kuma in an rubuta Kaisar Nero da haruffan Ibrananci jimlarsu 666. Wasu tsofaffin kofe suna da 616, wadda ta dace da wani salon rubuta sunan. Kiristoci sun bambanta kan yadda littafin zai cika a nan gaba, amma a sura 13 da 14 alamar tana tafiya tare da yi wa dabbar sujada. Ba abin da za a ɗora wa mutum a layin banki bai sani ba ne. Mama, ku je ku yi rajistarku, a kai jikoki rigakafi.

Daga ina zan fara?

Daga Markus. Sura 16 ce, ana iya gama ta a zama biyu. Ka karanta da ƙarfi, don an rubuta littattafan nan ne a ji su da kunne. Ka ajiye ɗan littafin rubutu, ka rubuta sunayen mutane da garuruwa da duk abin da ya ɗaure maka kai, ka duba taswirar da ke bayan littafin in bugunka yana da ita. Daga nan Luka da Ayyukan Manzanni a jere, tunda mutum ɗaya ya rubuta su. Annabawa kuma kada a karanta su su kaɗai, ayar farko takan faɗi sarakunan zamaninsu: Amos da 2 Sarakuna 14, Haggai da Ezra 5.

Wanda aiki ya yi wa yawa ya gwada Filimon, aya 25 ce kawai. Ya nemo wane ne Filimon, wane ne Onisimus, ina Bulus yake, me yake roƙo, me ya sa bai ba da umarni ba alhali ya ce yana da iko. Sa'an nan ya buɗe Kolosiyawa sura 4, inda sunayen Onisimus da Arkibus da Abafaras suka sake fitowa, ya zo aji da abin da ya gano.